Moton ɗan lakwal: abin da ke faruwa da mai bayan faɗuwa da bayan bidanji

Duk shekara, da an koma lakwal a watan Oktoba, babura na ƙaruwa a ƙofar kwaleji da lise, daga Maradi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. Kafin a kai babban hutu kuma, wasunsu na jingine a gareji, an kwance inji an zube ƙarafan cikin tasa. Uba ya zo yana faɗa, ya ce kayan China ne ba su da ƙwari, ko ya ce yaron ne bai san darajar kaya ba. Ni ba haka na ga abin ba. Da yawa daga cikin injinan nan mai ne ya yanke musu na ɗan lokaci, ko bayan faɗuwa ko bayan bidanji, kuma yadda muke tafiyar da ɗiyanmu na da hannu a ciki.

Sai mun fara sanin aikin man kafin zancen ya zauna. Ƙananan baburan da suka cika garuruwanmu, irin su Kasea, Haojue da Boxer, man injinsu bai wuce lita guda ba, wasu ma bai kai ba. Man yana kwance a gindin inji. Akwai ɗan pampo da ke zuƙo shi ta cikin wata ƴar rariya, ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Wuri mafi nisa daga pampon shi ne kan inji, saboda haka shi ke fara jin ƙishirwa. Waɗannan injina ba su da ruwan sanyaya su, iska ce da man nan kaɗai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, wannan lita guda ita ke hana ƙarfe cin ƙarfe, ita ke kwasar zafi. Abin da ya fi damuna shi ne mafi yawansu ba su da fitilar da ke nuna mai ya daina zagayawa. Ranar da ka ji ƙara, ɓarna ta riga ta auku.

To moto ya faɗi. Faɗuwa a garuruwanmu ba abin mamaki ba ce: rairayi ne a kwana, akuya ce ta gitta, ko rami da ruwan damina ya rufe. Da zarar moto ya kwanta a gefe, man ya malale zuwa gefen, bakin pampo ya koma zuƙar iska. In inji bai mutu ba, yana nan yana juyawa ba mai, wani lokaci ma hannun totur ya cake a ƙasa, inji na ta kururuwa. Manyan babura na zamani suna da na'urar da ke kashe inji da kanta in sun kwanta. Namu masu karbureta ba su da ita. In ya daɗe a kwance kuma, mai na iya bi ta ɗan tiyon numfashin inji ya shiga akwatin iska ko ya zube ƙasa, fetur na iya gangarawa daga karbureta ya shiga inji ya tsinka man.

Me yaro ɗan shekara goma sha shida ke yi a wannan lokaci? Kowa ya sani. Ya miƙe da sauri, ya waiga ko ƴan ajinsu sun gani, ya ɗaga moto, ya taka kik, ya murza wuta iya ƙarfinsa don ya nuna wa duniya babu abin da ya faru. A hanya ya goge ƙura, ya lanƙwasa madubi ya koma daidai. Ya shiga gida ya yi shiru. Abin da inji ya fi buƙata a wannan minti shi ne a bar shi ya huta, shi kuma yaron abin da ya fi buƙata shi ne ya ɓace daga wurin. Kunya ce a titi, tsoro ne a gida. Ya san in ya ce “Baba, na faɗi”, ba za a fara da tambayar gwiwarsa ba, za a fara da karɓe makulli. Mu muka mai da faɗuwa laifi, shi ya sa ake ɓoye mana ita. Bayan sati biyu inji ya fara ƙas-ƙas a kai, ko ya fara hayaƙi, ba wanda zai iya haɗa wannan da wancan.

Alhali abin da ya kamata ya yi bai kai karatun darasi guda wuya ba. Ya fara duba jikinsa, ya kauce daga tsakiyar hanya. In inji na aiki ya kashe shi tun moto na kwance, kada ya jira sai ya ɗaga. Ya tsayar da shi a miƙe, ya ba shi kamar minti biyar man ya koma mazauninsa. Ya duba ƙasa da jikin inji ko akwai tsagewa ko ɗiga. Sannan ya buɗe murfin mai, ya goge ƴar sandar awo, ya mai da ita ya sake cirowa, moto na tsaye sak a wuri mai daidai, ba a jingine kan ƙafar gefe ba. A yawancin waɗannan injina ɗora murfin kawai ake yi wajen awo, ba a murɗa shi ciki, amma littafin moton shi ke da magana ta ƙarshe. In man na warin fetur, ko ya yi fari kamar an zuba masa nono saboda ruwa ya shiga, to ba tafiya sai an juye shi. In ya taka kik ya ji ya ƙi sauka, kada ya hau da ƙarfi, mai yiwuwa mai ko fetur ya cika silinda, sai an cire buji. In komai lafiya, ya tada shi ya bar shi yana aiki a hankali, yana saurare, ba murza wuta.

Bidanji kuwa, ranar da ake zaton an kyautata wa inji, ita ma rana ce mai haɗari. An tsiyaye tsohon mai, hanyoyin ciki sun zama wayam, sabon na buƙatar ƴan daƙiƙu kafin ya kai ko'ina. Amma ku lura da abin da ake yi a gareji da yawa: ana rufe murfi, yaron gareji ya taka kik ya ba shi wuta har unguwa ta ji, wai yana gwada shi. Ko ni da ba makanike ba raina na sosuwa in na ji. Ga kuma ƴar rariyar nan. A wasu injina tana fitowa tare da murfin juye mai, da ɗan sifirin ɗinta. Wani ba ya wanke ta, wani ya mai da ita a juye, wani ta faɗi cikin tasa ya manta. In an taɓa buɗe inji an shafa gam da yawa maimakon sabon gasket, guntun gam ɗin na iya toshe hanyar da ke kai mai kan inji, wadda ƙaramar huda ce ƙwarai. Makanike na ƙwarai ya san yadda ake tabbatarwa: ya buɗe ɗan murfin da ake daidaita bawul ta cikinsa, ya ga mai na fantsama. A wasu baburan Yamaha akwai ma ƙusa ta musamman a kan inji da ake sassautawa, in minti guda ya cika mai bai tsattsafo ba, a kashe. Wannan dubawa ba ta cin ko dala, tambaya kawai take so.

A nan ma iyaye muna da namu. Mu miƙa wa yaro kuɗi mu ce je ka yi bidanji, ba mu faɗi wane mai ba, ba mu ce a kawo mana galan ɗin mu gani ba. Yaro kuma na da bukatun da ba mu sani ba, kati ne, fetur ne na yawon yamma. Ya sayi man da ake aunawa a kwalba bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba, ya soke canji a aljihu. Araha ba ta ado. Littattafan irin waɗannan babura da yawa na nuna mai lamba 20W-50 ga ƙasashe masu zafi, kuma man moto ya bambanta da na mota, domin a moto kuloci na wanka cikin man injin ne, wani man mota na sa shi sulɓi. Wanda aka yi don moto za ka ga an rubuta JASO MA a jikinsa. Kuma cikawa fiye da alama ba alheri ba ne: man da ya yi yawa na yin kumfa, pampo kuma ba ya tura kumfa yadda ya kamata.

Masu manyan babura su ne ke da jar fitila mai hoton ƴar buta tana ɗiga. Bayan faɗuwa ko bidanji tana iya tsayawa ƴan daƙiƙu kafin ta mutu. In ta ƙi mutuwa, a kashe inji, domin wani lokaci iska ce ta maƙale a pampo ko a matatar mai, kuma murza wuta ba ya fitar da ita, ɓarna yake ƙarawa.

Na san wani zai ce duk wannan dogon zance ne, maganin abin kada a ba ɗan lakwal moto sam. Ina da tausayin wannan magana, musamman ga ƙananan yara da ƙafarsu ko ƙasa ba ta kai ba, ga su ba hular kwano. Inji ana sayen wani, kai ba a sayensa. Amma garuruwa sun faɗaɗa, lise ta yi nisa da sababbin unguwanni, kuma gida nawa ne moton uba shi ne na ɗa, shi ke kai ƙanne makaranta, shi ke ɗauko cefane? Tun da makulli ya riga ya shiga hannunsa, hana shi sani ba ya kare kowa. Yaron da ya saba tsayawa ya duba mai bayan ya faɗi, shi ne kuma zai lura cewa birki ya karkace ko wuyan moto ya murɗe kafin ya sake hawa titi. Wanda kuma ya san zai iya faɗin gaskiya a gida, shi ne za a kai likita in kansa ya bugu, maimakon ya kwanta da ciwon kai yana cewa zazzaɓi ne.

Ƴan'uwana malamai, mu ma zancen ya shafe mu ta fuska biyu. Malamin kwantiragi da aka tura ƙauye mai nisa da kwalta, motonsa shi ne hanyarsa ta zuwa aji da ta zuwa karɓar albashi. Yana faɗuwa cikin rairayi fiye da kowa, babu gareji kusa, in inji ya buga kuwa gyaran zai lashe abin da ya daɗe yana jira, yara kuma su zauna ba mushe. Ta ɗaya fuskar, muna koyar da gogayya da matsi da zafi a kan allo, da alli, alhali ga misalinsu birjik a farfajiyar makaranta ƙarƙashin bedi. Ban ce a ƙirƙiro sabon darasi ba, manhajar ta riga ta yi mana nauyi. Amma direkta da kwamitin iyaye za su iya gayyato makanike guda daga cikin iyayen yara, da yammacin wata Laraba, ya kwantar da moto a gaban ɗalibai maza da mata, ya tada shi, ya ciro sandar awo da rariya ya miƙa musu su taɓa da hannunsu. Rabin sa'a ya isa, kuma kusan kowace makaranta a cikin gari akwai uban ɗalibi mai gareji.