Raddi Ga Mai Cewa Tonon Kufai Aikin Banza Ne

Wani malami da nake ganin girmansa ya rubuta cewa binciken abin da ƙasa ta binne tun kafin zamanin rubutu almubazzaranci ne, ya kuma kafa hujjoji uku. Da yake shiru a kan kuskuren mai ilimi yakan zama tamkar amincewa, ga jawabina.

Da farko ya ce abin da ya shuɗe ba ya ciyar da mai rai. Allah gafarta malam, a shekarar 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da itace a zurfin kamar mita 5, wanda da masanan jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga baƙin kwalekwale siriri mai tsinin baki, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Mai neman ruwan da zai shayar da shanu, shi ne ya tarar da jirgi ƙarƙashin ƙafarsa! Duk wanda ya yi tadabburin wannan ba zai ƙara ɗaukar halin ƙasarsa a matsayin abu tabbatacce ba, kuma wannan yaƙinin shi ne farkon tanadi.

Na biyu, wai gobe gaibu ce. Haka ne, amma akwai bambanci tsakanin da'awar sanin gaibu da istidlali da alamu, irin na manomin da ya hangi hadari a gabas ya kwashe shanyarsa. Ai Ibn Khaldun ma da kalmar ibra, wato darasi, ya raɗa wa littafin tarihinsa suna.

Hujjarsa ta uku ta fi damuna, inda ya ce tun da ruwan Tafkin Chadi ya janye da kansa a da, sanin haka ba zai hana shi janyewa ba. Wa ya ce zai hana? Amfaninsa shi ne kada a yi gini a kan ruɗu. A shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, bisa wannan cikar aka tsara babban aikin noman rani na kudancin tafkin, aka haƙa magudanai, aka kafa injinan jan ruwa, alhali tsofaffin gaɓoɓinsa da ke kwance cikin rairayin Barno suna shaida cewa tafki ne mai cika da janyewa; da farin shekarun 1970 da 1980 ya zo, ruwa ya ja baya ya bar bakin magudanar a busasshiyar ƙasa, manoman da aka yi wa alkawarin alkama da shinkafa suka bi sawunsa suna shuka masara da wake a danshin da ya bari.