Sharhi: Yayin sauya wilin mota da haɗarin tayar da ba ta dace ba

A Ƙofar Ruwa da ke Kano, da Panteka ta Kaduna, da Apo a Abuja, ana cinikin wilin mota na ado sosai. Matasa da dama da zarar sun sayi mota sai su cire wilin da ta zo da shi, su ɗaura mai faɗi da ƙyalli. Sai dai tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin sabuwar taya ya yi tashin gwauron zabi. Wanda ya kashe kuɗinsa a wili yakan ƙare da ɗaura duk tayar da aljihunsa ya iya, ko ta dace ko ba ta dace ba.

Lambobin da ke jikin taya su ne ke nuna dacewarta. A taya mai lamba 195/65 R15, wadda motoci irin su Toyota Corolla suka saba zuwa da ita, 195 faɗinta ne a milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, 15 kuma girman wili ne a inci. Idan aka haɗa, tsayin ƙafar motar baki ɗaya ya kai kimanin milimita 635. A kan wannan tsayi kamfani ya daidaita agogon gudu da birki da giya.

Don haka ƙa'idar ita ce idan wili ya ƙaru, gefen taya ya ragu, yadda tsayin zai zauna kusan yadda yake, kada bambancin ya wuce kashi uku cikin ɗari. Mai wili inci 16 zai nemi 205/55, mai inci 17 kuma 225/45, domin dukansu suna kusa da milimita 635. Amma wanda ya ɗaura 225/55 a wili inci 17 ya kai tsayin kusan milimita 680, ƙarin kashi bakwai ke nan. Agogonsa zai nuna kilomita 100 a awa alhali yana gudun 107, ya wuce iyakar da doka ta sa wa ƙananan motoci a babbar hanya ba tare da ya sani ba. Tayar kuma tana iya gogar jikin motar yayin shan kwana ko idan an yi lodi.

Ko da lissafin ya yi daidai, akwai sauran rina a kaba. Gefen tayar 195/65 ya kai milimita 127, na 225/45 kuwa 101 ne. Wannan gefe shi ke shanye bugun rami kafin ya isa ga wili. A titunan da ramuka suka yi wa katutu, siririn gefe yana saurin kumbura ko tsagewa, wilin ado yana lanƙwashewa ko ya dare, shokazoba kuma ta mutu da wuri. Taya mai faɗi kan ƙara shan mai, abin da ba a rainawa a wannan zamani.

Akwai kuma lambar ɗaukar nauyi da harafin gudu, kamar 91H: 91 na nufin tayar za ta ɗauki kilo 615, H kuma gudun kilomita 210 a awa. Bai kamata sabuwar taya ta gaza wadda kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ba, musamman ga motocin haya da ake wa lodi fiye da kima. Haka nan dole ramukan noti su dace, domin wilin da aka matsa da ƙarfi yakan sa sitiyari rawa, wani lokaci noti ya karye.

Babbar matsalar ita ce kasuwa. Kamfanonin Michelin da Dunlop sun daina ƙera taya a Najeriya a tsakanin 2007 da 2008, ƙasar ta koma dogaro da shigo da ita. Tayoyin gwanjo na cikin kayan da aka haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge a kasuwanni. Girman da ba kasafai ake samu ba ya fi tsada, shi ya sa masu manyan wili suka fi faɗawa hannun masu gwanjo. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙera ta. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta ke nuna hakan: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022.

Kame a kan hanya kaɗai ba zai magance matsalar ba, domin yawancin masu mota ba su san ma'anar lambobin ba, shawarar mai faci da bakanike suke bi. Idan hukumar da ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa suka koyar da waɗannan masu sana'a karanta lambobin, saƙon zai fi saurin isa ga jama'a. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki da ta Kwastam kuma su tsare tashoshin ruwa da kan iyaka. Mai motar da kuɗinsa ba za su kai ga sabuwar taya mai dacewa da sabon wili ba, gara ya bar motarsa da wilinta na asali.