Kunya ta azzalumi ce

Tun shekarar 2015 jihar Diffa ke fama da hare-haren Boko Haram. A 2019 dubban mutane suka gudo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, suka shigo jihar Maradi ta wajen Gidan Rumji. Garuruwanmu suka buɗe musu zaure, aka raba hatsi da su. Daga baya aka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Maharan ba su tsaya ga iyaka ba, har ƙauyukanmu sun shiga, sun kore bisashe, sun sace mutane.

Jama'a, mun iya ciyar da baƙo, wannan abin yabo ne. Amma akwai abin da ya rage mana. Mace ko ɗiya in ta dawo daga hannun ƴan bindiga, yaya muke karɓarta?

Ranar farko ana murna, ana barka da arziki. Bayan kwana biyu sai tsegumi ya tashi a bakin rijiya. Wannan ta ce an lalata ta, waccan ta ce wa zai aure ta. Wani miji har ya ba ta takarda. To, mi ta yi? Ita ta kira su? Da bindiga aka tafi da ita. Kunya ta azzalumi ce, ba ta wadda aka zalunta ba. Ɗan da ta haifa ta wannan hanya ma ba shi da laifin kowa. Baki shi ke yanka wuya: ƴan bindiga sun yi mata rauni guda, kada harshenmu ya ƙara mata na biyu.

Wasu na cewa gara a yi shiru a rufa asiri. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma ba wanda zai hana magani ba. Macen da aka yi wa fyaɗe, a kai ta gidan likita maza-maza. Akwai maganin da ke kare ta daga ciwon sida, amma sai an fara shan shi kafin kwana 3 su cika. Akwai wanda ke hana ɗaukar ciki, shi kuma iyakarsa kwana 5. Ko kwanakin sun wuce a je, don akwai sauran cututtuka da raunuka da ake warkarwa. Aikin likita da ungozoma ne su riƙe sirrinta.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Mutum ya kasa barci, ko ya riƙa mugun mafarki. Ya ji ƙarar moto ya zabura. Mai fara'a ya koma shiru, ba ya son shiga mutane. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya sake komawa. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba ne. Tsoro ne ya zauna a zuciya, kuma yana kama maza kamar yadda yake kama mata. Galibi yana sauƙi in mutum ya samu kwanciyar hankali da masu tsaya masa. In an yi wata guda abin bai ragu ba, ko mutum ya fara zancen kashe kansa, a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Mi kowa zai iya yi? Ka je gaisuwa, zumunta a ƙafa take. Ki zauna kusa da ita, ko ba a ce komi ba. Kada a tilasta mata ba da labari. In ta fara faɗi da kanta, a saurara, a yarda da ita, kada a kai zancen gaba. A kira ta wajen daka, wajen biki, a sa ta cikin adashi. Yaro a maida shi lakwal cikin ƴan'uwansa. Maigari ya tsawata wa masu gori. Liman ya tuna wa maza cewa wanda aka tilasta ba shi da zunubi.

Wadda ta dawo da ranta ta riga ta yi babban ƙoƙari. Sauran aikin namu ne, mu mutanen gari.