Kafin a sayo ƙananan jiragen sintiri don Sabon Birni da Isa, a fara horar da matuƙa

Duk wanda ya san halin da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suke ciki ba zai yi mamakin yadda jama'a ke kiran a riƙa sa ido kan dazuzzuka daga sama ba. 'Yan bindiga na shigowa a kan babura, su kai hari, su koma daji kafin motar jami'an tsaro ta iso. A watan Disamban 2021 an ƙona matafiya da ransu cikin mota a yankin Sabon Birni. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun tsallaka iyaka zuwa yankin Gidan Rumji da ke jihar Maraɗi, sun bar gonakinsu.

A irin wannan yanayi, duk abin da zai iya tashi sama ya hango ayarin babura tun daga nesa yana da daraja. Jiragen yaƙi da helikwafta na da tsada, kuma suna hannun gwamnatin tarayya. Shi ya sa hankalin masu neman mafita mai sauƙin kuɗi kan koma ga jirage marasa matuƙa, da kuma wani ƙaramin jirgi da ake kira jairokwafta. Ra'ayin wannan jarida shi ne, duk gwamnati ko hukumar da za ta bi wannan hanya ta fara kashe kuɗi a kan horar da matuƙi kafin ta biya kuɗin jirgi.

Jairokwafta ya yi kama da ƙaramin helikwafta, amma aikinsu ya bambanta. A helikwafta inji ne ke juya babbar farfelar sama. A jairokwafta kuwa, injin na juya wata ƙaramar farfela ce a baya da ke tura jirgin gaba, sai iskar da ke ratsowa daga ƙasa ta riƙa juya ta saman da kanta. Wani injiniya ɗan Sifen, Juan de la Cierva, shi ya ƙirƙiro shi, aka fara tashi da irinsa a 1923. Yakan ɗauki mutum ɗaya ko biyu, yana shan mai kaɗan, yana sauka a ɗan fili, kuma ko inji ya mutu farfelar sama na ci gaba da juyawa har a sauka. An yi amfani da shi wajen sintirin tsaro a gasar Olamfik ta 2002 a Amurka, kuma rundunar sojin saman Burkina Faso ta taɓa sayen irinsa.

Sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tarihin wannan jirgi cike yake da mutanen da sauƙinsa ya ruɗe su. Daga shekarun 1950 wani injiniya a Amurka, Igor Bensen, ya riƙa sayar da tsarin haɗa shi a gida. Jirgin kujera ɗaya ce da shi, babu wurin da malami zai zauna. Mutane da yawa suka koyi tuƙi daga littafi, da yawa kuma suka rasa rayukansu. A farkon shekarun 1990 hukumar sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta dakatar da wani samfurin jirgin bayan haɗurran da suka ci rayuka, ta kuma sa Jami'ar Glasgow ta binciki yadda yake tafiya a iska. Abin da ya rage mace-mace daga baya shi ne gyaran ƙirar jirgin, da zuwan masu kujera biyu, inda ɗalibi ke tashi tare da malami na tsawon sa'o'i kafin a bar shi shi kaɗai.

Dalilin a fili yake. Rayuwar matuƙin jairokwafta ta rataya ne a kan gudun farfelar sama. Idan ya dunƙufar da hancin jirgin ƙasa da ƙarfi, iska ta daina ratsa farfelar daga ƙasa, gudunta ya ragu cikin daƙiƙoƙi, injin baya kuma ya iya kifar da jirgin. Daga nan da wuya a gyara. Abin lura shi ne, matuƙin jirgi mai fukafukai an koya masa ya sunkuyar da hanci idan gudu ya ragu. Wannan ɗabi'a da ke ceton rai a can, tana iya kashe shi a nan. Haka wajen tashi, idan ya yi gaggawar gudu kafin farfela ta kai ƙarfinta, tana iya dukan jelar jirgin. Wajen sauka kuma iska daga gefe na iya wuntsilar da shi. Saboda haka ko gogaggen matuƙi na buƙatar horo na musamman a kan wannan jirgi, balle wanda bai taɓa tashi ba.

Ƙasar Gobir na da nata ƙarin wahalar. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, iska ta yi sauƙi, jirgi ya buƙaci fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Lokacin hunturu hazo kan rufe gari har manyan jirage su fasa sauka a Sakkwato da Kano. Farkon damina kuma guguwa da ƙura kan taso ba sallama. Matuƙin da aka koya wa tuƙi na 'yan makonni a Turai, a sanyi da sararin sama garau, bai gama karatu ba sai ya yi atisaye a wannan yanayi tare da malami.

Ga kuma iyaka. Daga Sabon Birni zuwa ƙasar Nijar tafiyar mintuna ce a sama, kuma babu wata alama a ƙasa da za ta nuna wa mutum ya bar Najeriya. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami. Matuƙin da bai iya karanta taswira da magana ta rediyo bisa ƙa'ida ba zai iya janyo rikicin da ya fi ƙarfin jihar Sakkwato.

Sannan mutanen da ake nema a dajin ba da sanduna suke yawo ba. A ranar 18 ga Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙin sojin sama samfurin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙin, Abayomi Dairo, ya fita da lema, ya ɓuya, ya kai kansa ga sojoji. Horon da ya samu ne ya taimaka masa ya tsira, da ikon Allah. Idan jirgi mai wannan gudu bai tsira daga harsashi ba, ƙaramin jirgin da ke tafiya a hankali kusa da ƙasa ya fi buƙatar mai sanin tsayin da zai tsaya da inda bai kamata ya bi ba.

Horo bai tsaya ga riƙe sitiyari ba. Wanda ke kallo daga sama dole ya iya bambance ayarin 'yan bindiga da na 'yan kasuwa, ko 'yan sa-kai, ko masu ɗaurin aure. A ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi na sojin ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri da ke jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu. A ranar 25 ga Disamban 2024 wani harin sama da aka nufi Lakurawa da shi ya yi sanadin mutuwar aƙalla mutum 10 a ƙaramar hukumar Silame, a nan jihar Sakkwato. Rahoton kuskure daga ƙaramin jirgin sintiri na iya zama mafarin irin wannan musiba. Ɗan yankin da ya san ranakun kasuwa da hanyoyin makiyaya, idan aka ba shi horo mai kyau, zai fi baƙo iya fassara abin da ya gani.

Kuma Arewa ba ta rasa masu basira ba. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa helikwafta da tarkacen motoci da babura, har ya ɗaga daga ƙasa kaɗan, ya kuma ce ta intanet ya koyi yadda ake tuƙawa. Basirarsa abin yabo ce, amma irin waɗannan matasa makaranta suke buƙata, don bidiyon waya ba zai karɓi sitiyari daga hannun ɗalibi ba idan ya yi kuskure. Makarantar kuwa tana nan kusa. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya tana aiki tun 1964.

Don haka muna kira ga gwamnatin jihar Sakkwato da 'yan majalisar da ke wakiltar gabashin jihar su ɗauki nauyin matasa daga Sabon Birni da Isa da Goronyo zuwa Zariya, su koyi tuƙi da gyaran jirgi da fassara hotunan sama. Duk kwangilar sayen jirgin sintiri, mai matuƙi ko marar matuƙi, a rubuta a cikinta yawan sa'o'in horo, da malamai masu lasisi, da kayan gyara, da makanikai. Hukumar NCAA kuma ta tabbatar babu wanda ya tashi da jairokwafta a Najeriya sai da shaidar ya koyi wannan jirgin musamman, komai lasisin da yake riƙe da shi a baya.

Mutanen Gobir sun sha ganin kayan aikin da aka ƙaddamar da biki, bayan shekara guda aka same su a ajiye sun yi ƙura. Motar da ba ta da direban kirki takan tsaya a gefen hanya. Jirgin da ba shi da matuƙin kirki kuwa a kan gidajen mutane yake faɗowa, kuma waɗannan gidaje sun riga sun yi makoki da yawa.