TSOFAFFIN JAKUNKUNA: AJIYA KO TARIN TARKACE?

Ran 10 ga watan Yuli na 2025 aka yi gwanjon wata tsohuwar jakar mata a birnin Faris, ƙasar Faransa, a gidan gwanjo na Sotheby's. Kuɗin da aka tsaya a kai, har da la'adar masu gwanjo, ya wuce Yuro miliyan 8 da rabi, wani ɗan kasuwa na Japan ne kuwa ya biya. Jakar baƙa ce, ta fata, ta sha hannu, duk ga tabo a jikinta. Kamfanin Hermès ne ya ɗinka ta wajen 1985 domin Jane Birkin, wata 'yar Ingila mai waƙa da wasan kwaikwayo, wadda ta yi ta yawo da ita har 1994, sa'an nan ta bayar aka sayar don taimakon masu ciwon ƙanjamau.

Mun san abin da masu karatunmu za su ce, wai kuɗi ne ya yi wa waɗansu yawa har sun rasa inda za su sa shi. Ba mu musa ba. Amma mu abin da ya ɗauke mana hankali shi ne matar da ta sayi jakar nan a 2000, ta riƙe ta shekara 25. Ta san asalinta, ta san hannun da ta bi, ta tsare ta daga raɓa da rana, ta ba da aronta aka nuna wa jama'a a New York da Landan, da lokaci ya yi kuma ta iya rabuwa da ita. Wannan shi mu ke kira ajiya. Akwai wani hali mai kama da shi wanda ba shi ba ne, yana kuwa shiga gida a hankali, mai shi bai sani ba.

Waɗansu na tsammani yawan kaya shi ne ma'auni, watau jaka goma sha'awa ce, jaka ɗari ta zama cuta. Ba haka ba ne. A ƙasar Holan wata mata mai suna Hendrikje Ivo ta shekara da shekaru tana tara tsofaffin jakunkuna, har ita da iyalinta suka buɗe gidan nuna su a 1996, suka mai da shi cikin birnin Amsterdam a 2007. Jakunkunan sun wuce 5,000, kowace an san zamaninta da abin da aka yi ta da shi, kowa ya biya kuɗin ƙofa sai ya shiga ya gani. An rufe gidan a 2020, zamanin annobar korona, saboda rashin kuɗin tafiyar da shi. Duk da yawan nan ba wanda ya taɓa cewa matar nan tarkace ta tara.

To, a gwada wannan da abin da aka tarar a fadar shugaban ƙasar Filifin a Fabrairun 1986, sa'ad da jama'a suka kori Ferdinand Marcos, ya gudu da matarsa Imelda. An iske takalma sama da ƙafa 1,000 da jakunkuna sama da 800, a ƙasar da talakawa ke fama da abin sa wa a baki. Labarin bai ƙare nan ba, ƙarshensa ma ya fi shafar akawuna da masu riƙon sito. Gara da funfuna suka soma cin tufafi da takalman da aka bari a fada, sai aka kwashe kwali sama da 150 aka kai gidan kayan tarihi na Manila a 2010, aka kulle cikin wani ɗaki aka manta. A 2012 ruwan sama ya yoyo ta rufi, da aka buɗe sai aka tarar da yawa sun lalace. Ashe hukuma ma tana iya jibge kaya ta ce ajiya ta ke yi. Kwaɗo a bakin ƙofa ba ya hana gara aikinta.

Likitoci sun daɗe suna lura da wannan hali. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware shi ta ba shi suna na kansa cikin littafinta na cututtuka, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin jerinta da ya soma aiki a 2022. Alamun da suka ambata ba su da wuyar ganewa. Mutum ya kasa rabuwa da abu ko da ba shi da sauran amfani, in an taɓa hankalinsa ya tashi, kaya su cika ɗaki har gado ya daina kwantuwa, hanya ta toshe, zama da iyali ya yi tsami. Inda abin ya kai maƙura shi ne labarin 'yan'uwan nan biyu, Homer da Langley Collyer, na unguwar Harlem a New York. A Maris na 1947 aka sami gawar Homer, wanda makaho ne, ya mutu don ba mai kawo masa abinci, ƙanen kuwa sai bayan makonni aka gano shi kusa da wurin, tarin kayansa ya rufto masa. Tarkacen da aka fitar daga gidan ya wuce tan 100. Allah ya kiyaye. Wanda ya kai ga irin wannan, magani ya ke bukata da lallashi, gori ba ya yi masa kome.

Kada a ce wannan zancen Turawa ne kawai. Iyayenmu mata sun san tara kaya tun ba yau ba, jeren kwano da tasoshi shaida ne. Amma a lura, jere a fili ya ke, mai shi ta san adadinsa, tana saukewa ta wanke, in buki ya zo ta ba da aro, in 'yarta za ta ɗaki ta ɗiba ta ba ta. Yanzu kuwa sai ka ga akwatin lefe ya zo da jaka da takalmi saiti saiti, kowane buki a ƙara sabuwa, wani lokaci da kuɗin adashi ko da bashi, a tura ƙarƙashin gado cikin leda. Shekara biyar ba a buɗe ba. Ran da aka zo rabon gado sai a tarar da su sun saɓule, sun manne da juna, ba ta sayarwa, ba ta kyauta. Maza kada su yi dariya, akwai masu huluna da takalma da tsofaffin takardu da ke daidai da wannan.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, muna cika ɗaki da jakunkunan roba na ƙasashen waje, abin da ya cancanci ajiya kuwa muna bari yana ruɓewa. Fatar jan akuyar Sakkwato, wadda majemanmu ke jemewa da bagaruwa a rine da karan dafi, ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Gafakar da wani malami ya rataya shekara hamsin, da zabirar wanzami, da jakar da baduku ya yi wa ado da hannunsa, kowace tana da labari, irin ɗinkinsu kuwa yana ƙaranci kullum. Ga gidan kayan tarihi na Jos da aka buɗe tun 1952, ga Gidan Makama a Kano. Wanda ya gāji irin waɗannan ya ga ba zai iya kula da su ba, ya nemi shawarar ma'aikatan wuraren nan kafin ɓera ya riga shi.

Wanda kuwa ya ke so ya riƙe nasa, ya sani fata tana da abokan gaba biyu a ƙasarmu. Damina tana kawo funfuna, hunturu yana busar da ita ta tsattsage. Kada a ƙulle ta cikin leda, don tana bukatar iska, a naɗe ta da farin ƙyalle na auduga. A cusa mata farar takarda don kada ta lanƙwashe, amma ban da jarida, ko da wannan tamu ce, don tawada tana kama fata. Kada a rataye ta da hannunta shekara da shekaru, kada a ajiye ta a ƙasa ko jikin bango mai raɓa, a riƙa fito da ita tana shan iska a inuwa. Kowa kuma ya buɗe ɗan littafi ya rubuta abin da ya ke da shi. In ya ga akwai jakar da ya manta da ita sam, ko wadda ya ke ɓoye wa mutanen gida kuɗinta, to, ya ba da ita tun tana da kyau.

Malaman makaranta za su iya taimako a nan. A sa yara su tambayi kakanninsu labarin tsohuwar gafaka ko zabira da ke gida, wa ya ɗinka ta, a wane gari, wa ya fara riƙe ta, a rubuta a 'yar takarda a saka cikin jakar. A rubuta da fensir, don tawada takan narke in ta ji sanyin damina.