Gonar hutu, gonar ci

Duk ranar Asabar da hantsi, motoci kan fita daga Maraɗi, wasu su nufi Agiye da Gazawa, wasu su bi hanyar Tibiri zuwa Gidan Runji. Ma'aikatan gwamnati ne da alhazan birni, za su gonakin da suka saya. Can sai a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaro, a ɗora shayi, a duba aya da wake, yara su ga yadda hatsi ke fitar da kai. Babu mai musun daɗin wannan hutu, kuma ba aibi ba ne ɗan boko ya riƙe hauya.

Sai dai akwai tambaya: wa ya sayar da gonar, kuma a wane hali? A waɗannan gundumomi jama'a ta yi yawa, saura ta ƙare, gandu yana ta tsagewa wurin rabon gado, har mata da yawa sun rasa gamanarsu. Talaka ba ya rabuwa da gona don marmari. Yunwa ke sa shi jinginar da ita, kamar yadda aka gani a 2005, in ya kasa fansa ta tafi. Daga nan sai ya koma ɗan ƙwadago a gonar ubansa. Ƙasa ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha ta.

Wanda kuma ya kewaye filinsa da waya, ya tuna da burtali. Rikicin manoma da makiyaya na Toda a 1991, inda aka rasa rayuka fiye da 100, ya isa darasi.

Doka tana nan. Tun 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta tanadi kwamitocin kula da filaye domin a rubuta ciniki gaban shaidu. Manoman Ɗan Saga kuwa sun nuna yadda sassabin zamani ke raya gawo, ƙasa ta farfaɗo.

Saboda haka mai neman gonar hutu ya bi ta kwamiti, kada ya yi ciniki lokacin da rumbu ya ƙare, ya bar wa dabbobi hanya, ya biya ƴan ƙwadago hakkinsu. Shi in damina ta ƙi, albashinsa na jiran shi. Maƙwabcinsa ba shi da wani albashi sai wannan ƙasa.