Raddi Ga Mai Da'awar Cewa Bakteriya Da Ka Take Tsagewa

Wani marubuci, wanda zan sakaya sunansa saboda kara, ya yi da'awar cewa ƙwayar bakteriya ba ta da wani tsari wajen rabon zaren gadonta, wato kuromosom: wai bayan zaren ya zama biyu, zaruruwan manne suke da fatar ƙwayar, fatar na ƙara tsawo tana janye su, sa'an nan ƙwayar ta tsage kamar an gutsuri tuwo. Wannan ita ce maganarsa gaba ɗaya, in an cire ado.

Hujjarsa ta farko aro ce daga Jacob da Brenner da Cuzin a shekarar 1963, alhali kuwa malaman nan uku a matsayin zato suka kawo ta, shi kuma ya ɗauki zato ya naɗa masa rawanin nassi. Da ya wahalar da kansa da muɗala'a kaɗan, da ya tarar cewa a ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da masana suka liƙa alama mai haske a mafarin zaren Bacillus subtilis suka zuba ido, sun ga mafaran biyu suna rabuwa da saurin da ya zarce tsawon da ƙwayar ke ƙarawa nesa ba kusa ba. To, yaushe ɗan da ke goye ya taɓa riga uwarsa isa gida? Bugu da ƙari, bangon irin waɗannan ƙwayoyi masu siffar sanda a warwatse yake ƙaruwa, ba a wuri guda tsakanin zaruruwan ba, kamar yadda ƙiyasinsa ke bukata. A Caulobacter ma an san masu jan zaren da sunansu, ParA da ParB. Subhanallahi, shekaru nawa ke nan!

Batun tsagewa a tsakiya kuwa, tun 1967 Adler da abokansa suka bayyana wata E. coli mai naƙasa da ke tsagewa a baki, tana haifar 'yan ƙwayoyi fanko marasa zare. In da dabara ba ta cikin lamarin, me ya lalace a cikinta? Furotin MinC da MinD da MinE ne, masu safa da marwa tsakanin bakin ƙwayar biyu, suna hana zoben FtsZ, mai tsaga ƙwayar, ƙulluwa ko'ina sai tsakiya, kamar yadda Raskin da de Boer suka nuna kai-komon nan a 1999.

Bai ambaci Noc da SlmA ba, masu hana zoben ɗaurewa a kan zaren. Bai ambaci FtsK ba, mai janye sauran zaren daga ƙofar tsagewar kafin ta rufe.

Cewa da ya yi ƙanƙantar ƙwayar dalili ne na rashin bukatar tsari, wannan bai cancanci tawada ba. Zaren E. coli ya haura milimita 1, ƙwayar kuwa ba ta wuce kamar maikuromita 2 ba.